Irin da Malam Mahfuz Ya Cinye

Malam Mahfuz bai iya cewa "ban sani ba." Bai taɓa ɓoye wannan hali ba, alfahari ma yake yi da shi. Ka tambaye shi yaushe jirgin ƙasa zai dawo Nguru, zai ba ka wata da rana. Ka tambaye shi abin da ya hana kifin bana yin mai, zai gyara zama ya yi maka bayani kamar shi ya yi kiwonsa. A kasuwa Malam Nasani suke ce masa, yana kuma amsawa. Matarsa Suwaibatu ta zauna da shi fiye da shekara ashirin, sau ɗaya ta ji wannan magana ta fito daga bakinsa, a lokacin kuma ƙafafunsa sun riga sun kumbura. Halin nan ne ya raba ƙauyen su Suwaibatu da shinkafarsu ta gado, neman shinkafar kuma ya cinye sauran rayuwarsa.

Haifaffen Nguru ne. Kakansa Bakano ne da ya biyo jirgi don cinikin gyaɗa da fata, ya zauna. Ubansa yana da rumfar hatsi a kasuwa. Mahfuz ya tashi da kaifin lissafi, aka kai shi makarantar aikin gona, ya fito malamin gona aka tura shi Gashua. A yawon aiki ya ga Suwaibatu, 'yar Bulama Saleh, mai wani ƙaramin ƙauyen Badawa a fadamar bayan Katuzu. 'Yan'uwansa suka ce ya rasa wadda zai aura sai mai ƙarnin kifi. Ya ce musu ya san abin da yake yi. Wannan karon dai gaskiya ya faɗa.

Shinkafar ƙauyen ja ce, doguwa, mai dogon gashi a baki da ɗan baƙin tabo a tsini. In ana turara ta sai ka rantse gyaɗa ake soyawa. Ba ta da yawan amfani, amma tana bin ruwa: in ruwa ya kai gwiwa ta wuce gwiwa, in ya kai wuya ta wuce wuya. Shekarar da kogi ya cika sosai, a kwalekwale ake yankan ta. Rabin ƙasar ƙauyen kwari ne mai zurfi wanda ba abin da yake yi a cikinsa sai ita. 'Yar Kaltum suke ce mata, saboda Ya Kaltum, uwar Bulama, ita ke zaɓen zangarniyar iri kowace kaka, ta zuba a tukunya ta liƙe bakin da laka.

Bayan an yi jihar Yobe, wani shirin noma mai kuɗin Turawa ya buɗe ofis a Gashua, da motocinsa da baburansa. Aka ɗauki Mahfuz a sashen ƙididdiga. Shirin ya zo da sabon iri, farar shinkafa gajeriya mai saurin nuna, aka ce sai an gwada ta da ta gida kafin a raba wa mutane. Mahfuz ya ce a kai gwajin ƙauyen surukansa, ya san su sun san shi. Ya kai buhunan iri, ya durƙusa ya gaida Bulama, ya ce wasu gonaki a shuka sabuwa, wasu a bar tsohuwa. Ya koma ofis. Bai sake zuwa ba sai da kaka, da ma'auninsa.

Abin da ya faru a kan teburinsa bayan nan, Suwaibatu ta ji shi sau ba adadi daga baya, har ta haddace shi kamar karatun allo, ita da ba ta wuce firamare ba.

Gonaki kusan arba'in ya auna, rabi sabuwa rabi tsohuwa. A makaranta an koya masa cewa in taro biyu ne waɗanda ba abin da ya haɗa su, kuma ƙuri'a ce ta raba su, sai ka fitar da matsakaicin wannan da na wancan, ka yi wani gwaji da ke nuna ko tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin sa'a. Ya buga kalkuleta, sabuwa ta kusa ninka tsohuwa, gwajin ya ce wannan ba sa'a ba ce.

Amma akwai wasu mutum bakwai, talakawan ƙauyen, masu gona ɗai-ɗai. Su da ba su da wata gonar, sai kowa ya raba tasa biyu, nan sabuwa nan tsohuwa. Irin wannan yana da nasa gwajin daban, na bibbiyu: ba ka haɗa Ali da Audu, kowane mutum za ka kwatanta hagunsa da damansa, tunda ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Mahfuz ya san gwajin, ya kuma yi shi. Gonaki huɗu sabuwa ta ɗan fi, uku tsohuwa ta ɗan fi. Amsar gwajin ita ce ba a sani ba tukuna, a sake wata damina.

Ya dubi amsoshin biyu, ya ce wa kansa arba'in ta fi bakwai, ya ɗauki amsar arba'in ɗin.

Shugaban ofishin wani Dokta ne ɗan kudu, mutum mai sanyin magana. Ya karanta rahoton, ya cire tabarau.

"Mista Mahfuz, wa ya zaɓi gonakin da suka samu sabon iri?"

Mahfuz bai sani ba. Ba ya nan aka raba, bai kuma tambaya ba.

"Ba wanda ya zaɓa, ranka ya daɗe," ya ce. "Yadda ta faɗo ne kawai."

"Ka tabbata?"

"Surukaina ne fa."

Dokta ya sa hannu. Aka buga rahoto, aka raba irin a ƙauyen da maƙwabtansa, aka ba Mahfuz sabon babur. Damina mai zuwa ruwa bai yi yawa ba, farar shinkafa ta yi kyau, har a bakin kwari. Mutane suka ga fara ce, ta fi daraja a kasuwar Gashua. Suka cinye jar da ta rage a rumbu, ba wanda ya ware iri. Ya Kaltum kaɗai ta ƙi fasa tukunyarta, jikokinta suna yi mata dariya, suna cewa sai dai ta shuka a ƙarƙashin gado.

A daminar 1994 kogi ya zo da ƙarfinsa. Ba wani sabon abu ba ne, tsofaffi sun ga irinsa sau da yawa. Ruwa ya hau a hankali ya rufe farar shinkafa tana cikin fitar da kai, ya zauna a kanta. Ya shiga gidaje, mutane suka koma kan jigawa suka kafa bukkokin zana. Zawo ya shiga yara. Ɗanladi, yayan Suwaibatu, ya binne biyu.

Da labari ya iso Gashua, Mahfuz ya sayi gero buhu biyu, ya ɗauki Suwaibatu suka shiga kwalekwale, don hanyar babur ta nutse. Rana tsaka ce, ruwan ya kwanta ya yi garau. Mai tuƙi ya ce, "Yanzu a kan gonar Bulama muke." Mahfuz ya leƙa. Ga shinkafar nan a ƙasa, layi-layi, tsaye da kawunanta, ta fara rawaya, tana kaɗawa kaɗan-kaɗan kamar masu jiran a kira su. Suwaibatu ta ga ya kama bakin kwalekwalen da hannu biyu. Bai ɗago ba sai da suka taɓa tudu.

Bulama Saleh ya karɓe shi a ƙarƙashin wata rumfar zana. Tsohon ya rame. Abin da Suwaibatu ba ta manta ba shi ne, haƙuri uban nata ya shiga ba shi.

"Ɗana, kada ka ga kamar mun yi wa irinka sakaci. Wallahi mun yi mata iya ƙoƙarinmu. Tun shekarar gwaji, da ka kawo ta, na tara mutane na ce wannan ta surukinmu ce, kada a ji kunya a ofishinsu. Duk gonakin da suka fi kyau ita muka ba, na bakin ruwa masu laka. Tamu muka tura ta kwari da tsandauri. Takin da muke da shi ma ita muka zuba wa."

Mahfuz ya ɗago ya dube shi.

"Ku kuka zaɓa, Baba?"

"To wa zai zaɓa? Baƙuwa ce, kuma taka ce. A ajiye ta a wurin banza?"

Suwaibatu tana bayan zana tana ji. Ita ma ta san haka aka yi, tana ƙauyen lokacin shukar, ta ma ji daɗi da aka yi wa mijinta wannan kara. Ba ta faɗa masa ba don ba ta ga abin faɗa a ciki ba. Sai da ta leƙo ta ga fuskarsa ta gane cewa ba iri biyu ya auna ba, ƙasa mai kyau ya auna da maras kyau.

Ɗanladi yana tsugune a gefe. Ya ce, "Malam, kai da ka san komai, yaushe ruwan zai janye?"

"Nan da sati uku," in ji Mahfuz, kafin ya yi tunani.

Ɗanladi ya yi wata irin dariya, ya tashi ya bar wurin.

A bukkar mata, Ya Kaltum ta jawo tukunyarta, wadda ta ɗauko a ka ranar da ruwa ya shiga ɗakinta. Ta sa dutse ta fasa lakar bakin, ta tura wa Suwaibatu.

"Ki casa."

"Kaka, iri ne fa."

"Ni zan ce miki iri ne ko ke za ki ce mini? Mijinki ya shigo gari. Me za ki kai masa, tafasa da dusa? Ko geron da ya kawo da hannunsa za mu mayar masa a akushi?"

"A bar ko tafi ɗaya."

"Ki casa, na ce."

Suwaibatu ta casa. Ta dafa da ɗan busasshen kifi, ƙamshi ya cika jigawar, yara suka taru suna kallon tukunya. Ta kai masa can gefe inda surukai ba za su ga yana ci ba. Bai ci komai ba tun safe, kansa kuma ba ya tare da shi. Ya cinye tas, ya ce rabonsa da shinkafa mai daɗi haka ya manta. Yara suka kankare ƙanzo.

Har yau Suwaibatu ba ta san ko kara tsohuwar ta yi masa ko hukunci ba. Ya Kaltum ta rasu kafin kaka, ba wanda ya tambaye ta.

A kwalekwalen komawa, daidai kan gonar Bulama, Suwaibatu ta faɗa masa abin da ya ci. Ya sa yatsa a maƙogwaro, ya yi ta kakari a bakin jirgin. Ba abin da ya fito.

Daga ranar bai sake cin shinkafa ba. A gidan biki a kawo masa, ya ture ya ce a ba shi ko kunu ne. Ranar salla Suwaibatu takan dafa wa yara, ta tuƙa masa tuwon gero shi kaɗai. In ya ga ruwa kwance a kwata ko a randa, yakan tsaya ya leƙa. Ta sha kama shi tsaye a kan randar tsakar gida da moɗa a hannu, bai ɗiba ba, yana kallon ƙasa.

Ya je ya faɗa wa Dokta. Dokta ya dafe kai, ya ce za a gyara a rahoto na gaba. Kafin rahoto na gaba Turawa suka janye kuɗinsu, aka kulle ofis. Ba wanda ya tuhumi Mahfuz, ba wanda ya kore shi. Mutanen ƙauyen ma ba su zage shi ba, in ban da Ɗanladi da ya daina amsa masa sallama. Suka ce haka Allah ya ƙaddara. Da ruwa ya janye, masu gonar tudu suka ci gaba da fara. Masu kwari ba su da abin shukawa. Suka watse, wasu Jajimaji, wasu Nguru wurin bandar kifi. Ɗanladi ya koma Gashua yana acaɓa. Bulama ya rasu. Ciyawar kacalla ta shiga kwarin ta fi tsawon mutum.

Mahfuz ya kwashe iyalinsa ya koma Nguru, ya zauna a rumfar ubansa. Bai iya ciniki ba, ƙannensa ne suke riƙe da rumfar. Aikinsa shi ne duk wanda ya sauke shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, sai ya je ya tsoma hannu a buhu ya baza a tafinsa yana tona. Ranar kasuwar Gashua yana can, ta Jajimaji yana can. Ya bi ƙauyukan bakin kogi a babur har babur ɗin ya mutu. Jar shinkafa kam ya same ta iri-iri. Yakan ƙullo a bakin rawani ya kawo gida.

"Suwaiba, zo ki gani. Wannan ita ce, ba shakka."

Ta duba, ta fasa ƙwaya ɗaya da haƙori, ta sansana. "Ba ita ba ce, Malam. Wannan ba ta da tabo."

"Tabon yana gogewa in ta daɗe."

"Wa ya ce?"

"Sananne ne."

"Ba ita ba ce."

Kada wani ya ɗauka wahala ta gyara shi. Yana nan yadda yake, yana ba mutane ranar dawowar jirgi da ranar saukar farashin taki. Abokinsa Nagoggo, wani dillalin kifi mai yawon tafkuna har cikin Nijar, shi ya fi kowa tsokanarsa.

"Malam Nasani, akuyata ce ke da ciki. Mace za ta haifa ko namiji?"

"Tagwaye, mace da namiji."

"Allahu akbar. Ka gan ta ne?"

"Ba sai na gan ta ba. Na ga mai ita, ci ɗaya ba ya isar sa."

"To mai ilmi, in ka san na cikin akuya, ina shinkafarka take?"

Nan Mahfuz kan shiga kakkaɓe hannun riga. Nagoggo yakan ji ba daɗi, ya saya masa goro. Shi ne kuma duk tafiyar da zai yi sai ya tambayi masunta ko sun san wata ja mai gashi da tabo.

Abu ɗaya ne ya canza a wurin Mahfuz. 'Yan makaranta masu rubuta aikin kammala karatu sun gano cewa akwai wani a layin 'yan hatsi da ya iya ƙididdiga, suna zuwa da takardunsu. Da yawa ba sa dawowa. 'Yarsa ta fari, Bushra, da ta shiga makarantar aikin jinya, ita ma ta ɗanɗana. Ta zo hutu da aikinta: mata masu ciki da suka sha ƙwayar ƙarin jini da waɗanda ba su sha ba, tana so ta nuna ƙwayar tana aiki.

"Baba, sunan gwajin kawai za ka faɗa mini, akwai mai kwamfuta da zai buga mini."

"Wa ya zaɓi waɗanda suka sha?"

"Ba wanda ya zaɓa. Waɗanda suka zo awo aka ba su."

"Su wa ke zuwa awo?"

"Mata mana."

"Waɗanne mata? Wadda mijinta ke da babur, ko wadda ke bayan kogi? Wadda ke cin nama, ko mai cin tafasa? Ƙwaya kika auna ko tukunyar miya?"

"Baba, malaminmu bai tambayi duk wannan ba."

"Ni an tambaye ni!" Ya buga tabarma, har Suwaibatu ta leƙo daga madafa. Ya sassauta. "Kin auna jininsu kafin su fara sha?"

"Wasu. Goma sha biyu kawai."

"To waɗannan sha biyun su ne aikinki. Kowace mace ki kwatanta ta da kanta, jiya da yau, ki yi gwajin bibbiyu. In a cikinsu akwai ɗaya da ta yi fintinkau, ta ja matsakaicin sama ita kaɗai, ki bar matsakaici, ki jera su daga ƙarama zuwa babba ki yi gwajin jeri. Ko hakan ma ki rubuta cewa ba ki da waɗanda za ki ce ga yadda jinin zai yi in ba a sha ba."

"In amsar ta fito ba bambanci fa? A ba ni sifili?"

"Ki karɓa. Sifili ba ya binne kowa."

Bushra ta shiga ɗaki tana ƙunƙuni. Ta ce wa uwarta Baba ya mayar da ɗan aikin makaranta kamar shari'ar kisan kai. Suwaibatu ta ce mata ta yi yadda ya ce. A ranar ta ba ta labarin tukunyar, wanda yaran gidan ba su taɓa ji ba.

A 2006 ciwon ƙoda ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta cika, ya daina fita kasuwa. Bayan sallar layya Nagoggo ya yi sallama da hantsi, ya shigo har tsakar gida, abin da bai saba ba. Bai yi tsokana ba. Ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ya ce wani tsohon masunci ne a can ƙasan kogi, kusa da iyaka, ya ba shi. Matar tsohon, wadda ta rasu, daga wajen Katuzu aka auro ta, ta zo da irin a cikin kayanta, shi kuma yana shuka ɗan kaɗan a wani rami don tunawa da ita.

Mahfuz ya kasa kwance ƙullin, yatsunsa sun yi nauyi. Suwaibatu ta kwance. Bai fi tafi biyu ba. Ja ce, ga dogon gashi, ga baƙin tabo a tsini. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya za ta kai baki.

"Kada ki fasa," ya ce. "Ɗaya ma iri ce."

Ta mayar. Ta kai tafin ga hancinta. Ɗanyar shanshera ba ta ƙamshi sai an turara, turarawa kuwa kashe iri ne. Shekara goma sha biyu rabonta da ganin ta, kuma duk waɗanda suka fi ta sanin ta sun mutu.

"Kamar ita," ta ce. "Amma ba zan rantse ba. Kai fa, Malam? Ai kai ka ci ta ƙarshe."

Mahfuz ya dubi ƙwayoyin. Nagoggo ya gyara tsayuwa yana jiran jawabi.

"Ban sani ba," in ji Mahfuz.

Ba wanda ya yi dariya. Nagoggo ya fita ya zauna a zaure.

Mahfuz ya sa aka aika wa Ɗanladi a Gashua. Sau biyu ana aikawa bai zo ba, sai da Suwaibatu ta shiga mota da kanta ta je ta same shi a tashar 'yan acaɓa, ta ce masa in ba zai zo don mai ciwo ba, ya zo don kwarin ubansa. Ya zo da ƙura a gemu, ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Da ya ga abin da ke cikin tsumman sai ya cire, ya tsuguna. Ya ce akwai gefen kwarin da za a iya sare kacalla in an samu mutum huɗu ko biyar, ya kuma san inda zai same su.

Mahfuz bai ga ko tsirowarta ba. Ya rasu kafin ruwan fari, aka binne shi a Nguru. Abin da ya faɗa wa Ɗanladi a ranar, gaban Suwaibatu da Bushra, shi ne abin da ya bari. Yana magana yana hutawa.

"Bana a kwari za ka shuka ta duka, ka ga ko tana bin ruwa. In ta bi, ka tara iri. Kada a dafa ko ƙwaya, ko wa ya zo. Baƙo ya zo a ba shi gero, in ya ji haushi ya ji. In iri ya yi yawa, kowa ya raba gonarsa biyu, ja da fara, kafaɗa da kafaɗa. Gefen da kowace za ta zauna, a ja tsinke, kada babba ya zaɓa. Taki ɗaya, noma ɗaya. Ku yi haka damina mai ruwa da maras ruwa, Bushra ta auna muku. Kafin nan duk wanda ya tambaye ku wadda ta fi, ku ce ba ku sani ba."

Ɗanladi ya ce, "To."

"Saura ɗaya. Na san ku. In na mutu za ku ce wannan ce Malam ya sha wahala a kanta, a ba ta wuri mai kyau, a ƙara mata taki, kada ta ba shi kunya a kabari." Ya kama hannun rigar Ɗanladi. "Don girman Allah, yaya, kada ku sake yi mini kara."